A ba mu lambu ɗaya a Katsina wanda doka ta hana a yanka

Ranar Juma'ar da ta wuce wani ƙanenmu da ke karatu a Lahore ta ƙasar Pakistan ya turo ɗan bidiyo a gurup ɗin WhatsApp na 'yan unguwarmu. Ya je wani tsohon lambu da ake ce ma Shalimar, ga manyan itatuwa, ga hanyar ruwa ta ratsa tsakiya, iyalai sun shimfiɗa darduma suna cin abinci yara na ta guje-guje. A ƙasan bidiyon ya rubuta, yaushe za mu samu irin wannan a Katsina?

Kafin ka ce kwabo an yi masa caa. Wannan ya ce mu da ake sace ma mutane a ƙauyuka shi yana maganar fulawa, wancan ya ce boko ya ɓata shi, wani kuma ya ce irin wuraren nan matattarar 'yan iska ce kawai. Yaron ya yi shiru, daga baya ma ya goge bidiyon. Wallahi abin ya ɓata mani rai ƙwarai, don tambayar da ya yi tambaya ce ta hankali kuma babu wanda ya tsaya ya amsa ta.

Ni ra'ayina shi ne Katsina na buƙatar lambun jama'a, na kowa da kowa, a cikin gari ba can bayan gari inda sai mai mota zai je ba. Kuma abin da ya fi muhimmanci, ya zama lambu ne da aka yi ma doka, aka sa shi cikin jerin kayan tarihi kamar yadda aka sa tsohuwar hasumiyar Gobarau, ta yadda babu gwamna ko kwamishina ko attajirin da zai wayi gari ya yanka shi fuloti-fuloti ya gina shaguna. Dokar nan ita ce asalin maganata, shuka itace kowa ya iya.

Abin da ya tsare Shalimar

Sarki Shah Jahan, wanda ya gina Taj Mahal, shi ya sa aka yi lambun, an fara 1641 aka gama 1642. Girmansa wajen hekta 16, an yi shi hawa uku kamar matakala ruwa na gangarowa daga na sama zuwa na ƙasa, da maɓuɓɓugan ruwa 410, kuma ruwan ma daga kogin Ravi aka jawo shi ta doguwar hanyar ruwa da aka haƙa. A 1981 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu ta sa shi tare da tsohuwar fadar Lahore cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Kar a ɗauka su can mala'iku ne. Lahore gari ne mai mutum sama da miliyan 11 a ƙidayar 2017, fili na tsada, kuma su ma suna da masu kwaɗayi da masu gaggawar aikin titi. A 1999 ma da ake faɗaɗa babban titin da ya wuce gefen lambun an rushe tsofaffin tankunan da ke ba shi ruwa, tankunan da suka haura shekara 350 a tsaye. To amma da yake wurin yana cikin jerin, magana ba ta mutu a nan ba. A 2000 aka sa shi cikin wuraren tarihin da ke cikin haɗari, gwamnati ta ji kunya ta shiga gyara, sai 2012 aka cire shi daga wannan layi.

Da aka zo aikin jirgin ƙasa na cikin gari da zai wuce ta gabansa, mutanen gari suka garzaya kotu, a 2016 babbar kotun Lahore ta tsayar da aikin a kusa da wuraren tarihi 11 har da lambun, sai ƙarshen 2017 kotun ƙoli ta yarda a ci gaba bisa sharuɗɗa. Jirgin ya wuce, haka ne, kuma har yau akwai masu ganin ya ɓata ma wurin kyau. Amma lambun na nan, ba a ci ko taƙi ɗaya daga cikinsa an yi kanti ba, saboda akwai takardar da ɗan ƙasa zai riƙe ya shiga kotu da ita.

Mu a nan wace takarda za mu riƙe? Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, shi ke bayarwa shi ke sokewa. Idan aka yi dace da mai son inuwa sai fili ya tsira shekara 4 ko 8, idan wani ya zo da nasa mutanen da ke jiran sakayya shi kenan, da safe za ka ga tifa ta sauke yashi an kafa kwanon zagaye.

Wai ba al'adarmu ba ce

Wannan ce ta fi ba ni mamaki. Ai Katsina tun asali gari ne mai fili a cikinsa. Iyayenmu da suka yi ganuwa ba gidaje kaɗai suka zagaye ba, sun zagaye gonaki da fadamu da kududdufai da itatuwa, saboda idan yaƙi ya zo aka rufe ƙofofi mutane su samu abin ci dabbobi su samu kiwo. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya zo Katsina a 1851 ya rubuta cewa mafi yawan filin da ke cikin ganuwa babu gidaje a kai. Har gobe ga Lambun Sarki nan, ga Rafukka, duk ɗan Katsina ya san daga ina salak da alayyafo da kabeji ke shigowa kasuwa.

Kuma muna da hurumi. Kowane tsohon gari a ƙasar Hausa yana da wurin da aka ce wannan ba na kowa ba ne, na jama'a ne, ba a nomawa ba a ginawa, makiyaya ce ko maƙabarta ko filin idi ko burtali, kuma mai gari da dagaci su ke tsaye a kai. Abin da nake roƙo bai wuce wannan ba, a ɗauki hurumi a rubuta shi a dokar zamani.

Ta fuskar addini kau ba sai an yi dogon bayani ba. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga ciki face an rubuta masa sadaka. Abu Ɗalha, Allah ya yarda da shi, lambunsa na Bairuha da ya fi so cikin dukiyarsa shi ya bayar sadaka, lambun da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake shiga ya sha ruwan cikinsa. Sayyadina Umar ya yi waƙafin gonarsa ta Khaibar a kan ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonta. Shi kansa Shalimar ɗin Musulmi suka gina shi, haka lambunan Agdal da Menara na Marrakesh a Maroko da suke nan tun ƙarni na 12. To ta ina abin ya zama na Turawa?

Mun iya riƙon tarihi idan mun ga dama. Je ka Daura ka ga rijiyar Kusugu, an yi mata gini an sa mai kula, baƙi na zuwa daga ko'ina a ɗebo masu ruwa su sha. Ga Gobarau a tsaye da jar ƙasarta. Ga tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ce a ƙarƙashin hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa. Duk mun yarda waɗannan gado ne. Amma tsamiyar da ta girmi kakan kakanmu, ko kukar da aka yi shekara aru-aru ana karatun allo a ƙarƙashinta, ita ba mu ɗauke ta gado ba, itacen girki muke gani a tsaye. Alhali a nan Najeriya ɗin, dajin Osun da ke Osogbo, itatuwa ne da rafi a gefen babban gari, an mai da shi kayan tarihin ƙasa tun 1965, UNESCO ta karɓe shi a 2005. Ba ruwana da abin da suke yi a cikinsa, abin da nake nunawa shi ne dokar ƙasar nan ta san a tsare itatuwa a matsayin tarihi, an taɓa yi.

A bakin titin da nake bi zuwa aiki akwai wani ƙaton bedi, mutum biyu ba su rungume shi. Ƙarƙashinsa mai shayi ne da tebur, mai faci da injin iskarsa, wani dattijo mai gyaran takalma, 'yan acaɓa da masu Keke Napep na fakewa, da azahar a shimfiɗa buhu a yi jam'i. Wata rana na zo sai na tarar da gungume, garin katako ya baje har kan kwalta, an riga an daddatse rassan an loda a a-kori-kura. Dattijon yana can gefe ya kafa 'yar tsohuwar lema ya raɓe da kayansa. Na ce Baba lafiya, ina itacen? Ya ce ɗana wai mai wurin zai fitar da shaguna, ya ce ya tare masa fuska. Ya ɗaga kai ya dubi rana ya ci gaba da ɗinkinsa. Injin sarar bai yi awa biyu ba, itacen kau tun kafin a ƙirƙiro jihar a 1987 yana nan. Babu wanda ya karya doka, don babu dokar, wannan shi ke ci mani rai.

Yunwa da rashin tsaro

Wanda ya ce muna cikin bala'i bai yi ƙarya ba. Duk wanda ke da dangi a Batsari ko Jibiya ko Safana ko Faskari ko Ɗanmusa ya san abin da ake ciki, kuma ba zan taɓa cewa a ɗauki kuɗin tsaro a sayi fulawa ba, Allah ya kiyaye.

Amma a duba mana, me nake nema da zai ci kuɗin tsaro? Doka takarda ce, majalisar jiha ta zauna ta ce daga nan zuwa nan hurumi ne, gwamna ya sa hannu, a buga a gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga dokokinta, a kafa duwatsun iyaka. Ko ba a shuka komai ba yau, ko ba a sa benci ɗaya ba, filin dai ya tsira. Tsaro in Allah ya yarda zai dawo, farashin masara yana hawa yana sauka, amma filin da aka zuba ma kankare aka ba mutum 40 takardar mallaka ba ya dawowa, babu gwamnatin da za ta iya biyan diyyar rushe shi. Idan muka ce sai komai ya daidaita za mu yi maganar lambu, ranar da komai zai daidaita babu sauran inda za a yi shi.

Kuma rashin tsaron ma shi ya ƙara sa abin ya zama dole. Mutanen da suka baro ƙauyukansu ina suka zo? Cikin gari. Gidan da aka gina don iyali ɗaya yanzu iyali uku ne a ciki, ɗaki ɗaya mutum takwas, rufin kwano, babu silin, babu wuta. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, lokacin ne kuma sanƙarau ke yawo. Mai hali yana da sola da na'urar sanyaya ɗaki, gidansa a GRA da mangwaro da ciyawa a tsakar gida, in hutu ya zo ya kwashi yara sai Abuja ko Dubai. Shi ba ya buƙatar lambun gwamnati. Mai buƙata ita ce matar da ke gidan haya da yara biyar da ba su da inda za su yi gudu sai kan titi tsakanin babura, da ɗalibin da ke son karatun JAMB gidansu babu inda zai zauna shiru, da tsohon da ya yi ritaya likita ya ce masa ya riƙa tattaki saboda hawan jini da suga amma duk inda ya sa ƙafa sai ƙura da hayaƙi. Duk mai cewa lambu kayan masu kuɗi ne ya juya maganar, talaka ne ba shi da inuwa.

Ku tuna ranar sallah. An yi hawa, an kalli dawaki a Kangiwa, an ci tuwo, to washegari yara su je ina? Sai ka ga an cusa su goma a Keke Napep ana ta zagaya gari, ko a tafi wuraren wasa na kuɗi inda kuɗin shiga na yara biyar ya kai cefanen kwana biyu.

'Yan uwanmu da suka yi karatu a Azhar sun san abin da aka yi a Alƙahira. Akwai wani tudun juji da aka yi shekara wajen 500 ana zuba shara a kai, gefen unguwannin talakawa na tsohon gari. Gidauniyar Aga Khan ta kashe kimanin dala miliyan 30 ta mai da shi lambu mai hekta 30, aka buɗe a 2005. Wajen kwashe sharar ne ma aka tono tsohuwar ganuwar zamanin Salahuddin mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi da juji ya binne, aka gyara ta, samarin unguwar suka koyi sassaƙar dutse da aikin kafinta a wajen gyaran. Masar ba ta gama da talauci ba kafin ta yi wannan. Ba na cewa mu nemo dala miliyan 30, namu ba zai ci ko kusa da haka ba, ina cewa ne juji da ganuwa mu ma muna da su.

Ina ruwan da za a ba shi

Wannan ƙorafi ne mai ƙarfi, garin da mutane ke sayen ruwa a kura, dam ɗin Ajiwa bai wadatar da mu ba, a ce za a riƙa feshin ciyawa safe da yamma, ni ma ba zan yarda ba. Kuskuren da ake yi kenan duk lokacin da aka ce za a ƙawata gari, sai a kawo ciyawar kanti da dabinon ado da fulawowin da ba su san rani ba, a yi bikin buɗewa, bayan wata shida duk sun ƙone.

Mu ba maɓuɓɓuga 410 muke nema ba. Itatuwanmu muke so, tsamiya, kuka, gawo, maɗaci, marke, kanya, ɗorawa, kurna, magarya, aduwa, ceɗiya, durumi, goruba, a haɗa da bedi saboda saurin girmansa. Waɗannan in ka ba su ruwa rani biyu ko uku ka kare su daga awaki, sun gama da kai, saiwarsu ta tafi neman ruwa da kanta. Rijiyar burtsatse ɗaya mai sola ta isa renon su. Ƙasa kuma a bar ta yashi mai tsabta a riƙa sharewa, yara sun fi son yashi ma. Akwai yaran da aka haifa a cikin garin nan da ba su taɓa ganin ɗorawa a tsaye ba, kalwa kawai suka sani a miya, wasu ba za su bambance maka kanya da ɗinya ba. A manna ma kowane itace ɗan allo da sunansa da amfaninsa, malaman firamare su riƙa kawo ɗalibai.

Jiharmu tana cikin jihohi 11 na arewa da ke cikin shirin nan na babbar katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada. Ana ta maganar dasa itace a bakin iyaka, madalla, amma cikin garin da mutane suka fi yawa ana sarewa kullum babu mai cewa uffan.

Kududdufan da suka rage su ma a sa su cikin hurumin. Kowa ya ga abin da ke faruwa, a cike kududdufi da shara a sayar a yi gini, damina ta zo ruwan ya rasa inda zai je sai ɗakunan mutane.

Maganar tarbiyya

Ban raina wannan ba, ni ma uba ne, kuma na san akwai wuraren shaƙatawa da ba zan bar 'yata ta je ba. Amma mu faɗa ma kanmu gaskiya, a ina yaranmu ke shaye-shaye yanzu? A kangwaye, a gine-ginen da ba a ƙarasa ba, a lungunan da babu fitila, a bayan makarantu da dare. Wurin da babu idon mutane nan ɓarna take. Wurin da ke cike da iyaye mata da yara da dattawa masu tasbaha a hannu, ɗan ƙwaya ba ya son shi, don a nan zai haɗu da ƙanwar babarsa ko limamin unguwarsu.

Tsari ne kawai. A zagaye shi, ƙofa biyu ko uku, a buɗe bayan asuba a rufe da magariba ko bayan isha'i, fitilun sola, masu gadi daga unguwannin da ke kewaye waɗanda suka san ɗan kowa, masallaci da bayi masu tsabta na maza daban na mata daban. A ware ɓangaren iyali, a ware wasu ranaku ko wasu awoyi na mata zalla su samu su yi tattaki su sha iska babu mai kallonsu. Duk wanda ya je aikin hajji ko umara ya zagaya Makka ko Madina ko Jidda ya ga yadda iyalai ke fita lambuna da yamma da fulas ɗin shayi, ba wanda ya ce addininsu ya ragu. Kuma a hana haya da wurin don casu da kiɗan dare, wannan a rubuta shi a cikin dokar tun farko, don daga nan ake fara lalacewa, yau biki gobe a kafa rumfa jibi rumfar ta zama gini.

Gwamnati ba ta iya riƙo ba

Haka ne, kuma a nan ne na fi jin tsoro. Mun sha ganin an buɗe abu da kiɗa da algaita, gwamnati ta canza, sabuwa ta ce ba aikinta ba ne, famfo ya lalace, mai gadi ya yi wata takwas babu albashi ya tafi, daga nan sai a ce wurin ya zama kufai gara a ba 'yan kasuwa su raya shi. Sau da yawa ma da gangan ake barin wuri ya mutu don a samu hujjar rabawa.

Shi ya sa ba na so a miƙa shi ga wata ma'aikata ita kaɗai. A yi masa kwamitin amintattu irin na waƙafi, da wakilin masarauta, da na gwamnati, da malamai, da mata, da 'yan kasuwa, da masana daga jami'o'inmu, dokar ta ce ko su ba su da ikon sayarwa ko bada hayar ƙasar, kuma duk ɗan jiha yana da damar kai ƙara in ya ga an taɓa. Kuɗin kula kuma a samo daga 'yan rumfunan sayar da ruwa da fura da tsire a bakin ƙofa, da wurin renon dashe da za a riƙa sayarwa, da gudummawar masu hali. Attajiranmu suna gina masallatai suna haƙa rijiyoyi, Allah ya saka masu, a nuna masu cewa inuwar da dubban mutane za su sha shekara 100 ita ma sadaka ce mai gudana. Shiga kuma ya zama kyauta, in an sa kuɗin ƙofa to an kori waɗanda aka yi abin dominsu.

Ko a Amurka sai da aka bi ta wannan hanya. Babban lambun New York mai eka 843 ya lalace a shekarun 1970 har mutane na tsoron shiga, sai a 1980 mazauna garin suka kafa ƙungiyar da ta karɓi kula da shi tare da hukuma, ita ke tara mafi yawan kuɗin har yau. A Nairobi kuma a 1989 gwamnatin Kenya ta so ta gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru, mace ɗaya, Wangari Maathai, ta tsaya da rubuce-rubuce da zuwa kotu, aka zage ta a majalisa aka kira ta mahaukaciya, ƙarshe masu zuba kuɗin suka janye ba a yi ginin ba. A 2004 aka ba ta kyautar Nobel. Doka na buƙatar mutanen da za su yi ihu in an taka ta, mu kuma mun saba da cewa Allah ya isa a cikin ɗaki.

Akwai masu cewa shaguna na samar da aikin yi, lambu kuwa ba ya kawo ko sisi. Ku zagaya gari ku ƙirga filazojin da rabin shagunansu ke rufe babu mai haya. Ba ƙarancin shago ke damun Katsina ba.

To a ina

Ni a ganina a bi ganuwa. Abin da ya rage daga cikinta kaɗan ne, an ɗebe ƙasar an yi bulo, an yi gini a kai, ƙofofin ne kawai aka sabunta da siminti, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka, suna tsaye babu katangar da suke buɗewa. Duk inda ɗan guntun ganuwa ya rage, a auna 'yan mitoci gaba da baya a ce hurumi ne, a dasa itatuwa a jere a yi hanyar ƙafa. Ka ga an tsare ganuwar an kuma samu inuwa a lokaci guda, kuma kowace unguwa ta tsohon gari tana da nata yanki kusa da ita, ba sai an hau abin hawa ba.

Sai tsofaffin lambunan cikin gari. Ba ina cewa a ƙwace ma manoman rani wurin sana'arsu ba, a'a, su ne ma suka riƙe mana wuraren kore har yau. A rubuta cewa ƙasar ta noma ce da itatuwa, ba za a canza ta zuwa fulotai ba, a taimaka masu da ruwa mai tsabta su daina dogaro da na kwata, wanda kuma yake son sayar da nasa gwamnati ko kwamitin ya saya a farashin kasuwa. A nan za a yi rigima, na sani, don fuloti a cikin gari kuɗi ne masu yawa kuma magada na da haƙƙi, dole a zauna da su a biya su abin da ya dace, kar a yi masu fin ƙarfi da sunan tarihi.

Daura ma haka, ita da gine-gine suka yi mata yawa cikin 'yan shekarun nan, gara ta ware nata tun filin bai ƙare ba. Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-Ma duk lokacinsu ne yanzu.

Akwai kuma abin da ba sai mun jira majalisa ba. Ɗaliban jami'a masu karatun ƙasa da tsirrai, da ƙungiyoyin matasa na unguwanni, a fita da waya a ɗauki hoton duk wani tsohon itace da ke cikin garin nan, a rubuta irinsa da inda yake da kaurinsa da abin da dattawan wurin suka sani a kansa, a buga masa lamba. A kai kwafi fadar Sarki, a kai ma masu unguwanni, a kai ma ɗan majalisar kowace mazaɓa tare da takardar neman doka mai sa hannun jama'a. Ni zan fara da na unguwarmu a ƙarshen makon nan, duk wanda ke kusa kuma yana da tef ɗin awo ya zo mu tafi tare.